Kawuna da Sunan da Ya Mayar

Ranar Laraba bayan la'asar aka yi wa Kawu salla a Masallacin Harami, aka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata muna gidansa a unguwar Harra ta Yamma muna jiran maza su dawo. Umma, mahaifiyata, ita ce yayarsa, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi. Ba ta yi kuka ranar ba. Tana zaune a kan darduma, duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ni ya kamata in riga shi," ta ci gaba da jan carbinta.

Da magariba aka jera kujeru a ƙofar gida don zaman ta'aziyya. Ina bene, ina cika butocin gahawa ina aikawa ƙasa, don haka ta taga na ga abin da ya faru. Wasu dattawa uku suka sauko daga mota, biyu suna ɗingishi irin na tsofaffin 'yan ƙwallo. Na gabansu ya rungumi ɗan Kawu na fari, ya yi masa gaisuwa, ya ambaci mamacin da wani suna da ba nasa ba.

Ɗan Kawu ya ja baya kaɗan. Da Larabci ya amsa, kamar yadda ya saba ko da an yi masa Hausa. Ya ce, "La, ya ammi, wannan ba sunan mahaifina ba ne."

Dattijon ya ce, "Mu dai da shi muka san shi."

Baba, mahaifina, yana zaune a kujera ta biyu. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye ƙaramin kofin gahawarsa a ƙasa, ya tashi ya tafi gida tun ba a kira isha ba.

Bayan su sai ga wata ƙaramar bas cike da 'yan Pakistan da Indiya. Shugabansu tsoho ne mai gemu ja da lalle. Ya riƙe hannun ɗan Kawu da hannu biyu yana kuka a fili, yana ta maimaita kalma biyu cikin Larabcinsa na kasuwa, masu nufin shi malami ne, "Huwa ustaz, huwa ustaz." Wata maƙwabciya da ta leƙa tare da ni ta ce, "Me ya haɗa shi da waɗannan kuma? Ni na ɗauka direban tankar ruwa ne kawai."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutun nan. Shekara talatin suna layi ɗaya da ita, kuma abin da ta sani ke nan.

A garin nan aka haifi Kawu. Mahaifinsu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi hajji ya zauna. Lokacin da 'yan uwansa ke neman tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, shi ya ce ba ya bukata, baɗi zai koma gida. Bai koma ba har ya rasu. Umma ta samu tata ta hanyar auren Baba, wanda danginsa suka daɗe da zama 'yan ƙasa. Kawu kuwa ya rayu da iƙama, takardar zaman baƙo, ana sabuntawa, a garin da aka yanke masa cibiya.

Umma ta ce tun yana saurayi babu wanda ke kama shi a filayen Harra, waɗanda samari ke sharewa da hannu tsakanin baƙaƙen duwatsu. Bahago ne, hannu da ƙafa. Yakan ɗauki ƙwallo ta gefen hagu ya bi layi da gudu, mai tsaron baya yana ganinsa amma ba ya iya yin komai. Yakan dawo gida yatsunsa na jini, ta dafa ruwan gishiri ta gasa masa. Duk masu neman 'yan wasa sun san shi, kuma duk maganarsu ɗaya ce: a kawo takarda. Kulob ba ya rajistar mai iƙama a wancan zamanin.

Baba ne ya kawo takardar.

Baba yana da ƙane, sa'an Kawu, abokinsa kuma. Ƙanen ya je ziyarar dangi a Sudan, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu aka binne shi a can. Wasiƙa ce kawai ta zo. Ba a kai rahoton rasuwar ko'ina ba, takardunsa suna nan a akwatin Baba. Baba mutum ne da ƙwallo ta shiga jininsa duk da bai taɓa iya bugawa ba, kuma yana son Kawu da gaske, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce wa Kawu baiwar da Allah ya ba shi ba za ta ƙare a kan duwatsun Harra ba. Ya san wanda zai canja hoto. Kawu ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya karɓa.

Wani kulob ne a wani gari, ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba. Ya yi kakar wasa ɗaya da rabi a can. Dattawan nan uku da suka zo gaisuwa abokan wasansa ne na lokacin. Ɗaya daga cikinsu ya gaya wa mijina cewa a tsawon shekarunsa bai ga ɗan gefen hagu kamarsa ba, kuma har an fara maganar manyan kulob suna zawarcinsa.

Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne Kaka, mahaifiyar Baba. Ba a gaya mata komai game da takardar ba. Wata rana mai shagon layinsu ya kunna rediyo, aka ambaci wanda ya ci ƙwallo da cikakken suna, nasa da na uba da na kaka. Matar mai shagon ta shigo da murna ta ce, "Hajiya, ashe ɗanki yana nan? Yanzu muka ji shi a rediyo."

Kaka ba ta ga gawar ɗanta ba. Ba ta ga kabarinsa ba. Daga ranar ta yanke cewa wasiƙar nan kuskure ce, yaron yana raye, wani abu ne ya hana shi dawowa. Ta fito da tufafinsa ta wanke ta goge. Idan an zuba abinci sai ta rufe kwano ɗaya ta ajiye. Ta daina barin gida, kada ya zo bai same ta ba. Baba ya ce a ƙyale ta, za ta manta. Ta yi mako uku a haka, tana ramewa. Umma ce ta kasa jurewa, ta aika wa Kawu.

Ba a haife ni ba tukuna, amma Umma tana bayan labule ranar da ya zo, kuma ta ba ni labarin sau da yawa ba tare da canja kalma ba. Ya shigo da hantsi, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Kaka.

Ya ce, "Inna, wanda kika ji a rediyo ni ne."

Ta ce, "Kai ne yaya? Sunansa aka faɗa."

"Takardarsa nake amfani da ita. Shi ya rasu, Inna. Yana can inda aka gaya miki."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambaya, "Wa ya ba ka?"

Sai da ta sake tambaya ya ce, "Ni na karɓa."

Ta ce, "Kullum ina yi masa addu'a ina cewa Allah ya haskaka kabarinsa. Mako uku ke nan ban yi ba, saboda ba a yi wa rayayye. Ka hana shi addu'ar mako uku." Ta miƙa hannu ta janyo kwanon da ta rufe, ta tura gabansa. "Ci, kada a zubar."

Umma ta ce ya ci, yana ci hawaye na zuba cikin kwanon, har ya cinye, domin Kaka ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

A wannan makon ya bar kulob. Bai gaya musu gaskiya ba, ya ce dai ƙafarsa ce. Ya kawo takardar ya ajiye wa Baba a kan tabarma, ya ce a je a rubuta cewa mai ita ya rasu. Rigimar da suka yi ranar har maƙwabta sun ji.

Baba ya ce, "Ka san abin da kake jawo mini? Idan na kai, za a tambaye ni me ya sa sai yanzu, za a tambaye ni wannan hoton na wane ne."

Kawu ya ce, "Idan ba ka kai ba zan kai."

"Da ka gaya mata gaskiya ai shi ke nan, ta ji. Me ya kawo maganar barin wasa?"

"Ranar Juma'a za a sake faɗar sunan a rediyo. Ka je ka zauna kusa da ita idan ana faɗa."

"Na ɗauke ka daga kan duwatsu, ka zaɓi komawa. To koma. Amma kada ka ƙara taka gidan nan don ni."

Baba ya kai takardar. An tsare shi kwanaki ana tambayoyi, wasu manya suka shiga maganar ta lafa, amma ya rasa aikinsa na ofis, aikin da yake alfahari da shi. Ya koma sayar da kayan masarufi a wani ɗan shago a unguwar Sih. Shi ya sa ba na iya cewa fushinsa na banza ne. Na girma ina ganin mutum biyu da nake so suna haɗuwa a biki da jana'iza, su yi musafaha da bakin yatsu, kowa ya kalli wani wuri.

Kawu ya samu aikin tuƙa tankar ruwa, yana kaiwa gonakin dabino a Awali. A can akwai wani fili a bayan katangar gona inda ma'aikata 'yan Pakistan ke taruwa ranar Juma'a da sassafe suna wasan kurket. Ga wanda bai sani ba, mutum ɗaya ne ke tahowa da gudu ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani yana tsaye da katako yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa. Idan ƙwallon ta kayar da sandunan, mai katakon ya fita. Kawu ya yi watanni yana kallo daga saman tankarsa. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, suka yafito shi.

Shi da bakinsa ya gaya mini cewa ranar farko dariya suka yi masa har wani ya zauna a ƙasa, domin jifan dutse yake yi, yana lanƙwasa gwiwar hannu, alhali dokar wasan sai hannu a miƙe. Ya sayi tsohuwar ƙwallo a wurinsu, ya zana sanduna uku da gawayi a jikin katangar gona, duk lokacin da tanka ke juye ruwa yana nan yana jifa. Kafin shekara ta zagayo ba a dariya. Gudun nan nasa na gefen hagu shi ya mayar gudun jifa, kuma ƙwallon bahago tana shigowa ta inda ba su saba ba. Aka fara zuwa daga wasu garuruwa ana ɗaukarsa a mota idan akwai babban wasa. Ya koyi yarensu har yana yi musu ba'a da shi.

Na taɓa tambayarsa me ya gani a wasan da babu Bahaushe ko ɗaya a cikinsa. Ya ce, "Sun tambaye ni sunana, na faɗa, suka rubuta a takardar kwali. Shi ke nan."

A cikin mutanenmu abin bai yi masa kyau ba. Baba yana kiransa wasan leburori. A majalisa ana cewa ga wanda ya bar rediyo ya koma jifa da masu share gona. Kawu ya ji duka. Bai daina buga ƙwallon ƙafa a wasannin unguwa ba, har gashinsa ya fara fari yana wuce samari, amma bai ƙara yarda a ɗauke shi hoto cikin rigar wasa ba.

Yana da ɗabi'un da duk wanda ya zauna da shi zai tuna. Ba ya iya riƙe lemo ko rumman sai ya ɗora yatsu biyu a kai yana juyawa kamar ƙwallon kurket. Idan abu ya lalace, taya ta fashe ko tuwo ya ƙone, maganarsa ɗaya ce: "To, mu sake." Ba ya kallon ƙwallo a talabijin da murya, sai ya kashe sautin. Mun daɗe muna ɗauka surutun masu sharhi ne ba ya so.

Duk da abin da Baba ya faɗa, Kawu bai daina zuwa gidanmu ba, sai dai yana zuwa lokacin da Baba ke shago. Kowace Alhamis yakan zo wurin Kaka da dabino sabon tsinka daga Awali. Da ƙafafunta suka gaza, shi yake tura kujerarta zuwa Harami har ƙofar mata, ya miƙa wa Umma. A shekarunta na ƙarshe tunaninta ya rikice, takan kira shi da sunan ɗanta. Na ji da kunnena yana amsawa, "Na'am, Inna." Ita kaɗai yake amsa wa. Idan wani tsohon ɗan kallo ya gane shi a kasuwa ya kira shi da wannan sunan, sai ya tsaya ya ce, "Wancan ya rasu, Allah ya jiƙansa," ya wuce.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Yana da zafin rai, kuma a kan ɗansa na fari ya fi sauke shi. Yaron ya gaji ƙafarsa, kowa ya faɗa, amma Kawu bai taɓa zuwa kallonsa ko sau ɗaya ba. Idan ya dawo da kofi daga wasan unguwa, sai uban ya ce a kai ɗakin ajiya, ya tambaye shi ina karatu. Yaron ya girma da iƙama kamar ubansa, ya yi aure, 'ya'yansa ma haka. Wata shekara kamfanin da yake wa aiki ya rufe, ya shiga neman wanda zai ɗauki nauyin iƙamarsa, yana kwana da tsoron kada a ce ya koma ƙasar da tun zamanin kakansa aka baro ta. Ina gidan ranar da ya kasa riƙewa. Muna cin abincin rana ya ajiye cokali.

Ya ce, "Laish ma sakatt, ya abuya? Me ya sa ba ka yi shiru ba? Tsohuwa ce, da ta manta. Da yanzu ni da 'ya'yana muna da ƙasa."

Na zaci Kawu zai yi tsawa. Sai ya dubi hannunsa ya ce da Hausa, a hankali, "Ban san da kai ba a lokacin."

Ɗan ya tashi ya fita. Daga baya ya samu wani aikin, suka ci gaba da gaisawa, amma maganar tana nan a tsakaninsu har ƙarshe. Ni kaina idan na kalli 'ya'yansa ƙanana, waɗanda ba su san wani gari ba sai wannan, ba na iya cewa uban nasu bai da gaskiya. Idan kuma na tuna Kaka da kwanonta, ba na iya cewa Kawu ya yi kuskure.

Da gwiwoyin Kawu suka ƙare ya koma alƙalin wasa a filin Awali. Da ciwon suga ya taɓa idanunsa aka hana shi tuƙi, ni kuma lokacin na samu lasisi, sai na zama direbansa na safiyar Juma'a. Nakan zauna a mota ina duba takardun ɗalibaina, shi yana kan kujerar roba a inuwar katanga, samari suna zuwa ɗaya bayan ɗaya yana gyara musu riƙon ƙwallo. A hanyar dawowa wata rana na yi ƙarfin hali.

Na ce, "Kawu, kana nadama?"

Ya ce, "Kullum."

"Ta karɓa ko ta mayarwa?"

Ya ce, "Ya danganta da ranar, 'yata. Kula da ramin nan."

Ƙodarsa ce ta gaza a ƙarshe. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. A kwana na tara, da safe, Baba ya kira ni ya ce in zo in kai shi wani wuri. Sai da ya shiga mota ya ce asibiti. Yanzu da sanda yake tafiya, mun daɗe kafin mu isa ɗakin.

Kawu na kwance da abin numfashi a fuska. Da ya ga Baba sai ya ɗaga hannun hagu ya janye abin gefe. Baba ya zauna. Suka gaisa, ya jiki, da sauƙi. Na miƙe zan ba su wuri, Baba ya ce in zauna.

Can Baba ya ce, "Akwai wata ƙwallo da ka ci daga kusurwa, ranar da aka yi ruwa. Ina wurin. Da niyya ka yi?"

Kawu ya ce, "Bugowa na yi wa na tsakiya. Iska ce ta kai ta."

"Shekara arba'in ina gaya wa mutane da niyya ka yi."

"To ci gaba da gaya musu."

Suka yi dariya, ta Kawu ta koma tari. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta mayar masa da abin numfashin, ta ce a bar shi ya huta. Ya lumshe ido. Baba ya miƙe da ƙyar, muka nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya, bayansa na ga gadon, ya ce da muryar da ni da ke gefensa da ƙyar na ji, "Ka yafe mini." Injin na huci. Na waiwaya, idanun Kawu a rufe, hannunsa bai motsa ba.

A mota na ce, "Baba, mu koma ka faɗa masa kusa da kunne."

Ya ce, "Ya gaji. Jibi ma dawo."

Jibin da asuba Kawu ya cika.

Tun bayan kwana ukun ta'aziyya Baba bai fita ko'ina ba sai masallacin layi. Duk ranar da na je, bayan mun gaisa, yakan jira Umma ta shiga kicin sannan ya rage murya ya ce, "Ke da kika waiwaya, ya ji ni kuwa?"

Ina ce masa, "Ya ji, Baba."

Ban sani ba. Na faɗa sau ɗaya don in kwantar masa da hankali, yanzu kuma ba ni da hanyar janyewa, shi kuma bai daina tambaya ba.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa abin da ya ɗauka da abin da ya ajiye, ka sa makwancinsa ya yi masa faɗi. Mu da muka rage da sauran maganar a bakinmu, ka sassauta mana.